Me za mu kira "pickup" na jitar lantarki da Hausa?

Mai tambaya:
Salam jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah wata kalma ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Ina koya wa yara uku jitar lantarki a gida duk Asabar, kuma tun farko na ƙudurta da Hausa zan riƙa yi musu bayani saboda na lura in na yi da Turanci haddacewa kawai suke yi ba sa ganewa. Tsirkiya muna da ita, jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa kansa, muna da shi tun daga goge da garaya, wuya dai wuya ne. Amma abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda Turawa ke ce wa pickup, na rasa sunan da zan ba shi. Da na ce fikof ƙaramin cikinsu mota ya zata, a-kori-kura, kuma ba laifinsa ba ne don ita ya sani da wannan sunan.

Abin da ya taso da maganar, babban cikinsu ne ya sayo jita ta hannu, irin samfurin Stratocaster ɗin nan mai guda uku a jere. Duk lokacin da ya danne tsirkiya mai kauri daga firet na 12 zuwa sama, wato layukan ƙarfen nan da ke gicciye a wuya, sai ka ji sautin yana rawa kamar murya biyu na rigima, allurar tiyuna, na'urar da ke nuna ko sautin tsirkiya ya daidaita, ta ƙi tsayawa, tana lilo hagu da dama. Sau biyu ya canza tsirkiya, kuɗinsa suka tafi a banza, har wani ya ce masa wuyan ne ya karkace ya mayar da ita kawai. Da na duba sai na ga wanda ya riƙe ta a da ya ɗago na kusa da wuya har ya kusa taɓa tsirkiya, ina jin ƙara yake nema. Na sa sukudireba na sauke shi zagaye biyu a ɓangaren kauri, nan take rawar ta ɗauke. Yaron ya ce Malam me ka taɓa, ni kuma na tsaya ina nuni da yatsa ina cewa "wannan abin". To sunan wannan abin nake nema, da kuma yadda za mu ce setting pickup height ɗin.

Daga Agadas:
Wa alaikassalam ɗan'uwa. Mu nan wajenmu mikro muke cewa, daga Faransanci muka ɗauko, kuma duk mai kiɗan jita a gidan biki ya san shi da haka, mikro na wuya, na tsaka, na ƙasa. Ni ban ga abin wahala ba, ku ce makirfon jita mana kowa ya gane.

Mai riwayin:
Ɗan Agadas ka yi haƙuri, nan kam ban bi ka ba. Sana'ata naɗin waya ce, fanka da injin ruwa da janareta, kuma an sha kawo min irin wannan ya mutu na kwance shi na gani da idona. Makirfo iska yake ji, ka yi magana iska ta bugi wani ɗan faifai a ciki. Wannan kuwa babu ruwansa da iska. Mayen ƙarfe ne guda shida a tsaye, kowace tsirkiya da nata, an naɗe su da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye wajen dubu 8 a na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe ce, mayen ya riga ya kama ta, in ta kaɗa sai ta motsa ƙarfin mayen, motsin nan ya haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, wutar ta bi waya ta je amfilifaya. Daidai yadda janareta ke ba da wuta ne, abin da Michael Faraday ya gano tun 1831, sai dai nan wutar ba ta kai ta kunna ko ƙwan tocila ba.

In kana so ka tabbatar, ɗaura tsirkiyar roba irin ta jitar gargajiya ka kaɗa, ba za ka ji komai a sifika ba. Ka kai bakinka ka yi ihu, shiru. In ma ka ji muryarka ta fito to alamar ciwo ce, naɗin ya saki ko kakin da aka tsoma shi ciki ya gaza, irin wanda ke fito da ƙara mai tsinin nan in an ƙure amfilifaya. Yaro in ka ce masa makirfo zai ɗauka matso da shi kusa shi ne alheri, yadda mawaƙi ke manna baki, kuma wannan tunanin ne ya ɓata jitar yaron Malam.

Daga Agadas:
Gaskiya ne oga, na sallama wannan. Ni kaina na taɓa ɗago nawa don in fi mai ganga ƙara a fili, sai sautin ya riƙa mutuwa da wuri ban san dalili ba. Amma ku sani mikro ba za ta bar bakin mutanenmu gobe ko jibi ba.

Malamar Hausa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na kaɗa jita amma kalma sana'ata ce. Hanyar da Hausa ta saba bi wajen sunan kayan aiki ita ce ma- a gaba -i a baya: buɗe mabuɗi, tsefe matsefi. Tunda Turancin daga ɗauka ya fito, sai mu ce maɗauki, ko maɗaukin sauti. Na so in ce daga kama, amma makami an riga mu, kowa ya san abin faɗa ne. Larabawa ma daga kalmar tsinta suka samo nasu, to matsinci ma zai iya shiga layi ko da yake ni bai min daɗi a baki ba.

Ɗan koyo:
Malama ni fa kunne ya zo min, kunnen jita, tunda da shi take ji

Mai tambaya:
Ƙanena kunne ya yi kyau amma yarana sun riga sun ba abin murɗa tsirkiya wannan sunan, guda shidan nan na can saman kai, "murɗa kunne" suke cewa in za su yi tunin, wato daidaita sautin tsirkiya, kuma ba ni na koya musu ba. Ga shi kuma Mai riwayin ya nuna mana abin ba ji yake yi ba.

Malama maɗauki kuma ga damuwata guda biyu. Ta farko yawancinmu a waya ba ma sa ƙugiya, za a rubuta madauki, ido ya kai shi ga Maɗaukaki, ni kuma ba na son sunan kayan kiɗa ya riƙa gogar wannan. Ta biyu wacce ta fi damuna, maɗauki yana nuna abu ne mai karɓa kawai, kamar faranti, an ba shi ya ɗauka. Alhali abin nan ja yake yi. Duk maganar saita shi a kan jan nan take. In ya yi nisa da tsirkiya sauti ya yi siriri ya yi sanyi, in ya matso ƙara ta ƙaru sauti ya yi kauri, in ya wuce gona da iri sai ya riƙe tsirkiyar ta kasa kaɗawa yadda take so, amonta ya gajarce, tunin ya karkace. Masu gyara a Amurka har suna suka ba wa ciwon daga sunan Stratocaster saboda a kanta ya fi fitowa, tunda ita sandunan shidan nan su ne mayen da kansu, ga su uku a jere suna ja tare. Ina son kalmar da in yaro ya ji ta zai san abu ne da ake kiyaye kusantarsa.

Mai riwayin:
To ai Malam ka faɗi sunan da bakinka ba ka lura ba. Maye. Kakanninmu da suka ga ƙarfe yana jan ƙarfe ba tare da hannu ba mayen ƙarfe suka ce, ba su jira kowa ba. Wannan mayen tsirkiya ne, ko mayen jita. Mu a shago in muka buɗe sifika "mayen ya tsage" muke cewa, ba wanda ke cewa maganaɗisu sai 'yan makaranta. Kuma duba yadda ya zauna, a zancen mutane maye kurwa yake kamawa ba tare da ya taɓa jiki ba, wannan ma bai taɓa tsirkiya amma ya ɗauke muryarta ya kai sifika, in kuma ya matso da yawa ya kama ta ta shiga rama.

Malamar Hausa:
Hikimar ta burge ni wallahi, amma bari in faɗi abin da ke raina. Maita ba wasa ba ce a garuruwanmu, na san tsohuwar da aka ƙaurace wa saboda an laƙa mata wannan sunan, ba na jin daɗin mu riƙa sa shi a bakin yara da sauƙi. Sannan a rubuce maye ɗin nan ɗaya yake da maye na kayan maye, karin sauti ne kawai ya raba su, ga masu kiɗa dama ana yi musu wani kallo. Uba ya ji ɗansa na cewa "zan je in gyara maye" me zai ɗauka?

Mai riwayin:
Hajiya maganarki na kan hanya, ban raina ta ba. Sai dai mayen ƙarfe yana bakin mutane tun kafin a haife mu kuma ban taɓa jin ya jawo wa wani zargi ba, an ma fi sanin mutum da "mayen ƙwallo" ko "mayen shayi" ba wanda ya ji haushi. In an haɗa shi da jita ko tsirkiya ba mai ruɗewa.

Daga Agadas:
Ni tambayata daban. Akwai wanda ake sa wa jitar katako a ƙarƙashin jaki, babu mayen ƙarfe ko ɗaya cikinsa, matsi yake ji. Har goge ana iya manna masa irinsa. Shi ma maye ne?

Mai tambaya:
Yawwa, wannan tambayar ta raba gardama a wajena. Wancan ba ya jan komai, wani ɗan abu ne da in an matse shi yake ba da wuta, shi ya sa yake aiki da izgar goge da tsirkiyar roba, kuma ba a saita nisansa da sukudireba. Kuntigi kuwa da ake ɗaura wa wayar birkin keke, maye zai kama shi sarai tunda ƙarfe ce. Kenan abu biyu ne Turawa suka tara a suna ɗaya, mu ba dole mu bi su ba. Malama ga inda maɗaukinki zai zauna, a rubuce cikakke, maɗaukin sauti, ya zama sunan gidan gaba ɗaya, in an cika shi haka ba mai kai ido wani wuri. Mai mayen ƙarfe a ciki kuma mayen jita.

Saura rabi na biyu. Height ɗin nan in muka ce tsawo ko tsayi mun ɓata, don ba tsayin mayen ake aunawa ba, ko kaɗan ba ya canzawa. Abin da ake aunawa filin da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da kan sandar maye ne. Ni tazara nake cewa.

Malamar Hausa:
Tazara ko rata, duk Hausa ce mai kyau. Rata ta fi gajarta amma tazara ta fi saurin shiga kunne yanzu. "Saita tazarar maye." Na karɓa, da sharaɗin a rubutu a riƙa cika shi, mayen jita.

Ɗan koyo:
To don Allah tunda an samu suna a koya mana yadda ake yi da sabuwar Hausar, ni tawa ta tsakiya ta fi sauran ƙara sosai

Mai tambaya:
Toh bismillah. Farko kar ka fara da maye. Ka tabbata wuya ya daidaita, jaki ya zauna inda kake so, an yi tunin, saboda duk abin da ya ɗaga tsirkiya ko ya sauke ta ya canza tazara. Shi ya sa ma in hunturu ya shigo katako ya bushe wuya ya ɗan motsa, yana da kyau ka sake dubawa.

Sai ka danne tsirkiya mai kauri a firet na ƙarshe, na 21 ko 22 ya danganta da jitarka, ka riƙe ta a danne, ka auna daga ƙasanta zuwa kan sandar maye. Ka yi haka ga siririyar ta ɗaya gefen. Kamfanin Fender, mai ƙera Stratocaster, a takardunsa ya ba da wajen farawa: irin na da, milimita 2.4 a ɓangaren kauri, milimita 2 a ɓangaren siriri. Irin na yau da kullum milimita 2 da 1.6. Ka lura a waɗannan biyun gefen kauri ya fi nisa, saboda tsirkiyar ta fi ƙarfe, maye ya fi kama ta, kuma ta fi faɗin kaɗawa. Shi ya sa in ka kalli jitar da aka saita daga gefe za ka ga mayen ya ɗan kishingiɗa, ba karkacewa ya yi ba.

In ba ka da rula mai milimita da ke farawa daga baki, nemi tsofaffin katin ATM, kowanne kaurinsa milimita 0.76 ne in ka kama gefen da babu lambobi masu tudu. Biyu a haɗe sun kai 1.5, uku kusan 2.3. Ka zura su tsakanin tsirkiya da sanda, su shige da ɗan gogawa kaɗan ba tare da sun ɗaga tsirkiyar ba. Tsofaffi na ce fa, waɗanda suka daina aiki, don maye na iya lalata baƙin layin nan na bayan kati.

Sukuru biyu ne, ɗaya kowane gefe. A samfurin Stratocaster mayen rataye yake a jikin farantin roba, in ka ɗaure sukuru sai ya taso, in ka sassauta sifirin ko 'yar robar da ke ciki ta tura shi ƙasa. Amma wanda aka ɗaure kai tsaye a katako akasin haka ne, ɗaurewa ke sauke shi. Ka sa ido ka ga inda ya nufa kafin ka ci gaba. A Fender ta Amurka zagaye ɗaya cikakke kusan milimita 0.8 ne, ka ga ba ƙaramin tafiya ba ne, don haka rabi-rabi ake yi ko kwata, ka kaɗa ka saurara. Kuma kar ka yi ta sassautawa har sukurun ya fita, mayen zai faɗa ciki sai ka kwance faranti duka.

Lambobin nan mafari ne kawai, kunne ke yanke hukunci. Ka sa amfilifaya a sauti mai tsabta, ka fara da mayen jaki tunda can tsirkiya ba ta kaɗawa da faɗi, shi ya fi buƙatar kusanci kuma jansa bai cika cutarwa ba. In ya yi maka, ka juya makunni zuwa na tsakiya da na wuya ka sauke su har ƙararsu ta zo daidai da tasa. Naka na tsakiya da ya fi ƙara, sauke shi za ka yi, kar ka ɗago sauran su kamo shi. Daga nan ka gwada abin da ya kama yarona, danne mai kauri a firet na 15 ko 17 ka bar ta ta yi amo, in ka ji rawa-rawa ko allurar tiyuna na lilo, mayen wuya ya yi kusa, ƙara masa tazara.

Mai riwayin:
In ƙara abu biyu da nake gani a shago. Kar wanda ya ga sanda ɗaya ta fi sauran tsayi ya ce zai buga ta ƙasa. A irin na da wayar a jikin sandunan aka naɗe ta kai tsaye, kana turawa ta tsinke a can ciki, sai sabon naɗi. Na biyu, garin ƙarfe da ke manne wa kan maye, da salatif ake ɗebe shi, kar a kawo soson ƙarfe kusa.

Daga Agadas:
To mai naɗi biyu fa, humbucker? Don wani abokina irin ta Gibson gare shi.

Mai tambaya:
Wannan ai tagwaye ne, kowa ya kalle shi ya ga biyu a manne. Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson shi, ya nemi rajista a 1955, ya hau jitarsu samfurin Les Paul a 1957. Dalilinsa ƙugin nan da mai naɗi ɗaya ke tsinta daga wutar gida, wanda a Najeriya da Nijar bugu 50 ne a daƙiƙa, a Amurka 60. Naɗi biyun an juya su gaba da baya, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya kuma ya haɗu. Sai mu ce tagwaye da tilo. Tagwaye mayensu guda ne a kwance a ƙasa, sandunan da kake gani ƙarfe ne kawai da ke kai ƙarfinsa sama, jansu bai kai na tilo ba, shi ya sa suke jure kusanci, Fender ma milimita 1.6 ta ba su gefe da gefe. Kuma su layi ɗaya na sandunan sukuru ne, in tsirkiya guda ta fi sauran sanyi za ka iya ɗago nata kaɗan ita kaɗai. Akwai kuma masu batir ɗin 9V irin na kamfanin EMG, mayensu rarrauna ne da gangan, su ana matso da su sosai ba matsala.

Malamar Hausa:
Tilo da tagwaye kam ba ni da ja ko kaɗan. Jam'in fa? Mayu za ku ce?

Mai riwayin:
Mayu mana Hajiya, jita mai mayu uku.

Malamar Hausa:
A'a nan kam ku tausaya min, "mai maye uku" ya isa, Hausa ta yarda da haka bayan ƙidaya.

Mai tambaya:
Mai maye uku ɗin za mu riƙe Malama. Jiya Asabar na gwada a kan yaran ban yi musu dogon bayani ba, na ce wannan mayen jita ne, yana jan tsirkiya, sai a ba shi tazara. Na miƙa wa na tsakiyansu tasa jitar da katin ATM uku, ya danne firet na ƙarshe ya zura, biyu ma suka ƙi shiga a ɓangaren kauri, ya ɗago kai ya ce "Malam mayen wuya ya matso da yawa", ya karɓi sukudireba da kansa. Zagaye ɗaya da rabi ya sauke shi kafin ukun su shige. Ɗan Agadas, in ka je biki na gaba don Allah ka gwada kalmar a kan abokan kiɗanka ka dawo mana da abin da suka ce, ko da mikro suka nace a kai ina son in ji.